Yabon da Ƙanina Ya Bar Min a Kan Dutse

Shekarun baya, lokacin ina aikin lodin kaya a filin jirgi ina zaune a wata unguwa mai suna Jamaica a ƙasar Turawa, na kamu da son hawan dutse a tsakiyar sanyi. Wani abokin aikina ne ya ja ni. Tun ina ce masa mahaukaci har na zo na fi shi hauka. Na sayi takalma masu ƙusoshi da gatarin sarar ƙanƙara, duk hutun da na samu sai in bi ƙungiyarsu zuwa duwatsun arewacin jihar da muke zaune. A masallacinmu har an fara kirana mai dutse, ni kuwa ina basarwa kamar ban ji daɗi ba.

Ana nan sai ƙanina, wanda ke zaune da mahaifiyata a unguwar Morrisania, ya ce zai bi ni. Na ara masa tsofaffin takalmana ina dariya, don na san mutum ne da ko bas ba ya iya jira a cikin sanyi. Ashe ni na jawo wa kaina. Ni ƙarfi nake sa wa dutse, shi kuwa ido yake sa masa. Jagorarmu, wata dattijuwar Baturiya da na daɗe ina so ta lura da ƙoƙarina, sai ga ta tana jerawa da shi tana nuna masa abubuwa. Wallahi abin ya riƙa ci min rai.

Ranar da nake ba ku labari, dusar ƙanƙara ta zubo sosai, iska ta tara ta a kan gangaren da za mu hau. Kafin mu tashi jagorar ta yi mana bayani cewa sabuwar dusa ba ta kama tsohuwar ƙanƙarar da ta daskare a ƙasa, tana iya zaftarowa gaba ɗaya ta binne mutane. Ta ce dokarta guda ce: duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya faɗa, babu babba babu yaro. Ni hankalina na can ƙololuwa, don na riga na cika baki a gida cewa wannan karon sai na taka ta.

Mun iso gindin gangaren, jagorar na gyara wa wani igiya, sai ƙanina ya jawo hannun rigata.

"Yaya, dubi tsagar nan da ta tashi daga ƙafata. Kuma na ji ƙasa ta yi dim. Snow ɗin nan zai zame. Ka ce mata mu koma."

Na ce masa ai yana da baki, ya faɗa da kansa mana.

"Kana tsaye zan yi magana? Kai ne babba."

Na dubi tsagar, ga ta nan doguwa, na ma tsallake ta ban gani ba. Haushi ya turnuƙe ni, har raina ya so in ce tsoro ne kawai ke damunsa. Amma ni na ɗauko shi daga gaban mahaifiyata, ni kuma zan mayar mata da shi. Na ɗaga murya na faɗa wa jagorar abin da ya faɗa min, kalma da kalma. Ta zo ta haƙa da shebur, ta ɗan bubbuga saman, sai ga dusar ta sulale kamar an janye tabarma. Nan take ta ce kowa ya juya.

Daga nan fa yabo ya ɓarke. Wannan ya dafa kafaɗata, wancan ya ba ni shayinsa, jagorar ta ce irin idona ake nema a kan dutse. Na waiga, ƙanina na can baya yana cin dabino hankalinsa kwance. Da muka dawo gida ma shi ya riga ni ba wa mahaifiyata labari, wai Yaya ne ya cece su. Na gaya mata gaskiyar yadda aka yi, ta ce ita ba ruwanta, da mai idon da mai bakin duk ita ta haifa, ta sa mana albarka ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Yanzu ƙanina ne ke taya jagorori duba hanya, ni kuma gwiwa ta ajiye ni. Na san ladabi ya yi min, kuma ina alfahari da shi. Amma ba zan ɓoye muku ba, har yau idan na tuna sai na ji kishin nan ya motsa. Ba idonsa kaɗai nake kishi ba, sauƙin da ya bar min yabon ne, ko a jikinsa. Na yi shekaru ina haki a kan dutse don a ce na iya, ranar da aka faɗa kuwa, kyauta ce daga yaron da na goya.