Jirgin da Bai Kai Hamidu Damagaram Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara ashirin da uku bayan Lahadin nan da bama-baman barikin Ikeja suka tashi, ranar da ka goyo ni da karyayyar ƙafa har Agege, Allah Ya karɓi ranka, Hamidu, ran Talata ashirin da ɗaya ga watan Babbar Sallah. Ni Audu ban yi boko ba. 'Yata Mastura ke rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Duk mahautan mayankar Oko-Oba sun san hannunka. Ba ka taɓa feɗe saniya ka huda fata ba. Matan da mazansu suka rasu sun san ƙunshin hantar da kake aika musu duk Juma'a, ka hana a faɗi sunanka.

Abu ɗaya ya tsaya maka a rai, yayarka Zuliha da ke Damagaram, wadda kuka shekara goma sha tara ba kwa magana. Da ciwo ya kama ka cikin azumi ka ce mini, "Audu, zan hau mota in je in durƙusa mata tun ƙafata na ɗaukata."

Sai Mu'az, ɗan ƙaninka da ya tashi a hannunka, ya zaro waya. A gabana aka yi.

"Baba, Kano zuwa Damagaram kilomita ɗari biyu ne ta sama, rabin awa. Tsaya ka feɗe mana shanun layya, ni zan sa ka a jirgi."

Na ce, "Kai Mu'az, shekara arba'in ina tarar matafiya, ban taɓa jin wanda ya yi wannan tafiya ta sama ba."

Ya ce, "Tsoho, kai da ko biro ba ka iya riƙewa?"

Ka tsaya, ka feɗe, jikinka ya ƙare. Bayan Sallah jirgi ya sauke ka Kano, a can aka ce babu na Damagaram. Ita wayar, nisa kawai ta auna, ba ta ce akwai jirgi ba. Mu'az kuwa ya sani, domin ejan da ya sayar masa da tikitin ya shaida mini cewa tun kafin layya yaron ya tambaye shi. A cikin mota ka cika, a Kongolam, bakin iyaka, Zuliha ta dama fura tana jira.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Ina yi wa matarka Fatsuma da 'ya'yanka da Zuliha ta'aziyya. Mu'az kam ba na yi masa gaisuwa.

A fawa, wanda aka miƙa wa wuƙa shi ke gadon teburin nama, ga taka kuwa ka bar mini ajiya. Mu'az ya aiko sau biyu a ba shi ita. Gobe da safe zan tsaya gaban Sarkin Fawa in maimaita maganar Mu'az kalma kalma, kowa na ji. Daga nan in hau mota in kai wa Zuliha wuƙar, in durƙusa mata a madadinka.