Dutsen Bahaguwa

Jiya jikata ta kai ɗan dutse kan dutsen niƙan da ke bayan ɗakina tana wasa, ƙarar nan ta gurzawa ta sa na ajiye tsintsiya na tsaya. Baƙi kan tambaye ni me nake yi da wannan nauyi alhali ga inji a bakin layi. To bari ku ji.

Ni bahaguwa ce. A gidanmu na Garo, tun ina ƙarama ba a ɗauki wannan da wasa ba. Ci da dama na koya da wuri, don ludayin Inna ya koya mini. Amma Baba bai tsaya nan ba, so yake hagun ta mutu gaba ɗaya. Kullum da safe sai ya sa a ɗaure mini ita a jiki da tsumma, in yi shara da wanke-wanke da dama. Ƙwarya nawa na fasa, Allah kaɗai Ya sani. Har na daina magana cikin mutane, saboda kunya.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu ma sai an bi layi. Injin niƙan garinmu ya lalace, kayan gyara sun gagara, mata suka koma neman duwatsun da suka yasar. Namu tuni an sa shi a harsashin katanga. Sai Iya, mahaifiyar Baba, ta ce a ɗaura wa jaki mangala, za mu kufai.

Kufan yana bayan gonaki, inda kukoki suka yi cincirindo. Ganuwarsa ta zube ta zama tudu. Iya ta ce kakanninmu ne suka zauna a ciki, da Turawa suka zo, hare-hare suka ƙare, sai kowa ya fito ya bi bakin hanya. Damina ta zaftare gefen wani kwari, na ga tsingaro jere a cikin ƙasa, na sama irin tukwanenmu, na can ƙasa kuma da wani zane kamar an birgima igiya a kai. Ga kashin maƙera baƙi ƙirin, alhali ban taɓa jin an yi ƙira a wurin ba.

Na ce, "Iya, waɗannan na ƙasan fa, su waye?"

Ta ce, "Oho. Kakata ma ta ce haka suka tarar."

A can ƙasan muka tono dutsen. Yayana ya ɗora wa jaki, muka dawo.

Da aka wanke shi, Inna ta durƙusa ta zuba dawa. Tana turawa ɗan dutsen na zamewa gefe, gari na zubewa a ƙasa. Ta sake, haka. Ta ce wannan dutse karkatacce ne, an yi wahalar banza. Iya ta matso kusa da dutsen. Ta shafa cikinsa da tafin hannu kamar mai duba goshin mara lafiya, ta shafa, ta sake shafawa, sai ta fashe da dariya.

"Ke 'yar nan, zo. Ku kwance mata hannu."

Aka kwance, na durƙusa. Wallahi ina ɗora hannu ɗan dutsen ya faɗa cikin kwarmin kamar ya san ni. Ramin ya fi zurfi ta hagu, daidai inda ƙarfina yake. Gari ya riƙa sauka cikin faifai, lallausa.

Baba ya shigo ya tarar da tsumman a ƙasa, fuskarsa ta canja. Kafin ya buɗe baki Iya ta ce, "Sa hannunka nan ka ji. Mai dutsen nan bahaguwa ce. Kafin dutse ya ci haka, ka san bakin da ta ciyar?"

Baba ya tsuguna ya shafa. Ya daɗe a tsugune. Ya tashi ya fita, kuma ba a sake ɗaure ni ba. Daɗin da na ji ranar nan, ko ranar aurena ban ji irinsa ba.

Shekaru suka wuce, Iya ta rasu. Da aka ƙaddamar da Shari'a, yayana ya dawo daga Kano da zafinsa, ya bi ɗakuna yana fitar da tsofaffin layu. Ya zo kan dutsen ya ce na mutanen da ba su san salla ba ne, a fitar da shi. Lokacin na zo ganin gida, raina ya ɓaci, na tsaya a gabansa. Sai Baba, wanda lokacin da ƙyar yake tashi, ya ɗaga murya daga kan tabarma: "Bar shi. Hatsi ta niƙa a kai." Da zan koma gidana ya sa aka ɗora mini shi a mota.

Yanzu kufan babu shi, tifofi sun kwashe ƙasar an yi ciko da ita, har da tsingaron. Ni dai har gobe ina tunanin matar nan. Wane yare take yi? Gero take niƙawa ko wani abin da muka manta? Ita ma an taɓa ɗaure mata hannu? Ban san sunanta ba, ban san zamaninta ba, ba wanda ya rubuta ta a ko'ina. Amma lokacin da kowa a gidanmu yake ganin hannuna kuskure ne, ita ce ta tsaya mini.