Na Ga Malam Cikin Tsofaffin Mumbai

Yaya Hauwa, wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu da hantsi ya daga jikina bai gama dawowa daidai ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Nafisa da muke gida ɗaya. Ke na zaɓa, don kin san Malam tun yana saurayi, kin kuma san abin da ke gabana.

Bari dai in maimaita miki don ki haɗa zancen da kyau. Autata Nafisa ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Mumbai, garin nan na Indiya da na yi watanni ina jinyar babanta. Baffanta ya ce shi ba zai sa baki ba, ni ce uwa, abin da na yanke shi ke nan. Makaranta tana jiran amsa. Ita ma yarinyar tana jira, ba ta matsa min ba, ido kawai take bi na da shi. Ni kuwa tun da muka dawo da Malam daga garin nan ya yi 'yan makonni ya cika, ko sunan garin ba na son a ambata a gabana. Kwanakin nan addu'a nake ta yi Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. To ga abin da na gani.

Na gan ni a kicin ɗina na nan Gwammaja ina wanke shinkafa. Sai na ji ana kiran sunan Nafisa da lasifika, irin muryar matar nan da ke sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Na buɗe ƙofa in leƙa tsakar gida, sai kawai na gan ni a tashar jirgin unguwar da muka zauna a Mumbai. Ba takalmi a ƙafata, hannuna kuma da sauran ruwan shinkafa. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Damuwata ɗaya, na bar tukunya a kan wuta.

Yaya, ba ki taɓa ganin mutane ba sai kin ga tashar nan da safe. Haka na same ta a mafarkin, ko ma fiye. Masu zuwa ofis da jakunkuna a ƙirji, 'yan makaranta da kitso biyu an ɗaure da ƙyalle, mata masu kwandon kifi a ka, da mutanen nan masu fararen huluna da ke kai wa ma'aikata abincin rana daga gidajensu, sun jera kwanukan a dogon katako sun ɗora a ka. Warin kifi, ƙamshin turaren tsinke, ƙaurin man suya, duk a haɗe. Hankaki na ta kuka a saman rufin kwano. Can gaba na hango hijabin Nafisa, ruwan toka ɗin nan da take zuwa Islamiyya da shi, tana shiga taragon mata. Na kira ta, ba ta waiwayo ba.

A can ba kya shiga jirgi da ƙafarki, jama'a ce ke ɗaukar ki ta saka ki. Haka aka yi da ni. Na tsinci kaina a tsakiyar mata, an matse ni ta ko'ina, jirgi ya tashi. Waɗanda suka samu wurin zama sun baje ganye a cinya suna gyarawa, yadda suke yi da gaske in sun taso daga aiki, don su isa gida su ɗora tukunya kawai. Wata ta matsa min gefen kujera ta zuba min alayyahu a zanina. Ni ma na kama tsinkewa, kamar dama abin da ya kawo ni ke nan.

Da na ɗaga kai sai na ga matar da ke gabana Anti ce. Kin tuna na ba ki labarinta, tsohuwar nan mai gidan da muka kama haya, wadda take aiko min da abinci a kwanon silba ranakun da Malam ke ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Duk zamanmu ba mu taɓa yin hira ba, ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta, da hannu muke magana. Amma a mafarkin Hausa ta yi min, Hausar cikin badala tsantsa.

Ta ce, “Maman yara, kin rame.”

Na ce, “Anti, ba ki ga yarinyata ba?”

Ta ce, “Ai ta sauka tun ɗazu. Ta san tasharta.”

Na ce, “Ina za ta san tasha, ba ta taɓa zuwa ba?”

Ta karɓe alayyahun daga cinyata ta zuba cikin nata, ta ci gaba da aikinta tana kallon taga.

Sai kawai na ga ba jirgin, ina tsaye a tsakiyar titi ana sheƙa ruwan sama, irin nasu da yake wuni ya kwana bai ɗauke ba. Ruwa ya kawo min gwiwa. Motoci sun mutu a hanya, jajayen bas-bas sun tsaya cak da mutane a ciki. Jama'a sun yi layi a tsakiyar titi suna tafiya a hankali, kowa riƙe da hannun na gabansa don kada wani ya faɗa rami. Wannan na taɓa ganin sa da idona wata rana da muka fito daga asibiti. Wani ya kama hannuna na dama, wata ta kama na hagu, ban ga fuskokinsu ba. Na ce musu 'yata nake nema. Na gaba ya faɗa wa na gabansa, shi ma ya faɗa wa na gabansa, ina ji maganar tana tafiya cikin layin har ta yi nisa, amma ba ta dawo ba.

Shagunan gefen hanya na Mumbai ne, da rubutunsu mai kama da an rataya shi a igiya, amma kayan ciki na kasuwar Kwari ne, atamfofi da shadda an jera su har sama. Wani mai shayi yana tsaye cikin ruwan har cinya, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa a ƙananan kofuna, ko a jikinsa. Daga dama ana kiran salla, daga hagu ana kaɗa ƙararrawa a wurin bautarsu, kowanne na yin nasa. Wata saniya tana tsaye a bakin wani shago da furanni ruwan ɗorawa a wuyanta tana kallon mu.

Layin ya bi da ni har gaban asibitin. Na gane shi tun daga nesa, na gane har tagar ɗakin da Malam ya kwanta. A ƙofar asibitin akwai mutanen da kullum ke zaune a gefen titi, waɗanda suka kawo marasa lafiya daga ƙauyukansu ba su da wurin kwana, sun kafa leda suna dafa abinci a ƙasa. Suna nan yadda na bar su, har matar nan mai jan mayafi da muke gaisawa da ido. Ta yi min alama da hannu in shigo. Na tsaya na turje. Na ce ba zan shiga ba, na ce na gama da nan. Hannayen da ke riƙe da ni suka sake ni, ba wanda ya ja ni.

Sai kawai gari ya waye tas, ba ruwa ba laka, ina cikin lambun shaƙatawa na bayan gidan Anti. Wannan wurin ban taɓa ba ki labarinsa ba. Likita ya ce Malam ya riƙa ɗan takawa da safe, shi ne muke zuwa bayan asuba. Akwai wasu tsofaffi, maza da mata, da suke haɗuwa a ƙarƙashin wata babbar bishiya su yi da'ira, su ɗaga hannuwa sama su yi ta dariya da gangan, ba wanda ya faɗi abin dariya. Wai motsa jiki ne. Kin san Malam, shekarunsa na shugaban makaranta, yara ko tarinsa suka ji sai su nutsu. Ranar farko ya tsaya ya dube su ya ce min, “Waɗannan bayin Allah da lafiyarsu kuwa?” Bayan kwana biyu ya ce mu zauna a bencin kusa da su, wai ya fi inuwa. Kafin mu baro garin, wani tsoho mai rawani ya zo ya kama hannunsa ya shigar da shi da'irar. Ya tsaya ƙiƙam kamar an kai shi gaban alƙali, sai dariyar ta kama shi da gaske, har ya riƙe ciki. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ya yi irin ta ba.

To a mafarkin can na same shi, cikin da'irar. Yaya, Malam ne sosai. Ba ramammen da muka dawo da shi ba, Malam na da, da jikinsa da gemunsa, cikin farar jamfa da hular zanna. Hannuwansa a sama yana dariya tare da su. Na tsaya ina kallon sa, na ma manta abin da nake nema.

Can gefe a kan bencinmu sai ga Nafisa. Tana zaune tsakanin wasu 'yan mata Indiyawa, littafi a cinyarta, suna cin gasasshiyar masara da aka goga wa lemon tsami da barkono. Ta ƙara girma kaɗan, fuskarta ta yi irin ta manya. Ban ga alamar tsoro a tare da ita ba, amma ban ga murna ba. Karatu kawai take tana gutsurar masara. Na kira ta, muryata ba ta fita. Na yi ƙoƙarin zuwa wurinta, sai na ga duk takun da na yi bencin yana nan a nisan da yake.

Na juya wurin Malam. Ya fito daga da'irar ya zo gabana yana share hawayen dariya da hannun riga. Na ji ƙamshin turarensa.

Na ce, “Malam, ka ga 'yarka can.”

Ya duba, ya yi murmushi.

Na ce, “Malam, garin nan bai dawo min da kai da lafiya ba. In bar ta ta zo?”

Ya dube ni, ya kaɗa kai.

Nan ne abin ya tsaya min, don haka sai na yi miki bayani. Mutanen can in za su ce “to” ko “e”, kai suke kaɗawa gefe da gefe, kusan yadda mu muke yi in za mu ce a'a. Satinmu na farko Malam ya tambayi wani mai tasi ko ya san asibitin, mutumin ya kaɗa kai, Malam ya sauke jakarmu ya yi gaba, mai tasi ya biyo mu yana ta surutu. Daga baya Malam ya koyi abin ya mai da shi tsokana. Ko da muka dawo gida, in na ce in kawo kunu sai ya kaɗa min kai, in tsaya da kofi a hannu ina cewa, “Na can ko na nan?” shi kuma yana dariya ƙasa-ƙasa.

Haka na ce masa a mafarkin. Na ce, “Malam, don Allah ba wasa nake ba. Na can ko na nan?”

Ya sake kaɗawa, a hankali, idonsa a kaina. Tsohon nan mai rawani ya kira shi, ya juya ya koma cikin da'irar, suka ɗaga hannuwa. Na bi shi ina cewa ya tsaya, dariyarsu ta rufe muryata, tana ta ƙaruwa har ta cika lambun.

A nan na farka. Ladan na kiran assalatu, filona ya jiƙe. Na jima zaune a bakin gado ina ƙoƙarin tuna yadda kan nasa ya motsa, ko a kwance ne irin namu, ko lilo ya yi irin nasu. Wallahi in na rufe ido sai in ga wannan, in na sake rufewa sai in ga wancan. Bayan salla Nafisa ta kawo min ruwan zafi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Mama, idonki ya yi ja, ba ki yi barci ba ne?” Na ce na yi. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wata magana, sai ta tashi ta fita.

Na san za ki iya cewa tunani ne, abin da mutum ya kwana da shi a rai shi yake gani. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Amma tun rasuwarsa nake roƙon Allah ya nuna min shi ko sau ɗaya, bai zo ba sai jiya, kuma bai zo min a ɗakinsa ko a masallacin ƙofar gida ba, sai a garin da nake gudu, yana cikin farin ciki. Shi ya sa na kasa ture abin gefe.

Yaya, ke kin fi ni sani, kuma in akwai malamin da kika yarda da shi ki tambayar min, ba sai kin faɗi sunana ba. Ganin mamaci cikin fararen kaya yana dariya na ji ana cewa alheri ne, amma alherin nasa ne ko namu? Yarinyar da na kasa isa wurinta fa, nisan karatu ne ko wani nisan ake nuna min? Jibi Baffanta zai zo jin amsa. In ya zauna ya ce, “To, me kika yanke?”, in ce masa babanta ya yarda, ko in ce ya hana?