Kuncina Na Hagu Da Laimar Mai Ayaba

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, shekaruna ashirin da tara, ina da aure da 'ya'ya biyu, muna haya a Dutse Alhaji. Kullum da safe nakan shiga mota da kuloli biyu, ɗaya ta zoɓo ɗaya ta kunun aya, in je bakin tashar Jabi in kafa teburina. Ba zan ɓoye muku halina ba, ni mace ce mai ji da fuskarta. Fara ce ni tun asali, ba farin kanti ba, kuma tun ina yarinya ake yaba mini fata har abin ya shiga kaina. Ga ni da saurin zargi. Idan mutum ya yi mini murmushi sau biyu, sai na tsaya na tambayi kaina abin da yake nema.

A hagu da teburina akwai wata mata mai sayar da ayaba da gyaɗa, Bagwariya ce, Kirista, a shekaru ta kusa ta haife ni. Mama kowa ke ce mata, ita kuma ƙanwata take kirana da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. Tana da wata ƙatuwar laima mai kala uku da ta kafa a cikin tsohuwar taya cike da siminti. Ni ba ni da laima, ina ganin mayafina ya ishe ni. Kullum idan azahar ta gota, sai in ga Mama ta tashi ta mirgina tayar nan zuwa gefena, inuwar laimar ta sauko kaina da rabin teburina. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Wata rana, ina 'yan watanni da haihuwar ɗana na biyu, na ci kwalliya saboda za ni suna daga tasha. Mama ta dube ni ta yi dariya, ta sa hannu ta shafa kuncina na hagu, ta ce fuskata ta yi kyau kamar ta amarya, rana ba ta taɓa ni. Ba ta ce tubarkalla ba, ba ta ce masha Allah ba. A wurinmu kuwa ba a yabon mutum haka tsirara. Na ji abin ya tsaya mini a rai, na yi ta karanto addu'a a zuci, amma na bar shi ya wuce.

Bayan kamar wata biyu na ga wani duhu-duhu a kuncina, daidai wurin da ta taɓa. Da farko kamar shafar gawayi, na wanke da sabulu bai fita ba. Kafin wani lokaci ya yi faɗin tafin hannun jariri, a dama kuma ɗan kaɗan ne da sai ka lura. Na nuna wa wata maƙwabciyarmu a gida, ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa ni a wurin. Da na ba ta labari sai ta riƙe baki, ta ce ai wannan kambun baka ne ƙarara. Na ƙara mata da zancen laimar. Nan ta ce ashe ma na daɗe a hannu, wane ne zai riƙa jibga wa mutum inuwarsa kullum a lokaci guda in ba da wata manufa ba, rufe mini tauraro take yi.

Wallahi daga ranar komai na Mama ya zama abin tuhuma a idona. Idan ta miƙo mini ayaba in karɓa in jefa a kwata bayan ta juya. Idan ta tambayi lafiyar yara in ce me ya kai bakinta kan 'ya'yana. Ranar da ta kawo mini man kaɗanya a gwangwani, ta ce in riƙa shafawa kuma in nemi hula mai faɗi, sai na ce a raina ga ƙarashen aikin nan ta kawo. Da azahar ta tashi za ta mirgino tayar, na daka mata tsawa a gaban direbobi da fasinjoji, na ce ta bar inuwarta a wurinta, na gane abin da take yi. Ta tsaya da taya a hannu tana kallona, ta tambaye ni me ta yi. Na ce ta tambayi hannunta da ya shafa fuskata. Sai ta mayar da laimar inda take.

Daga nan fuskar ta ƙara lalacewa, ni kuma na ce to ga shaida, ta ji haushi na tona ta shi ya sa ta ƙara wuta. Na je wurin wani mai kayan shafe-shafe a unguwarmu, ya haɗa mini mai a roba marar suna, ya ce cikin sati biyu zan manta da tabon. Gaskiya sati biyun farko na ga haske, har na fara taƙama. Sai fatar ta yi laushi kamar leda, jijiyoyi suka fito ja-ja, idan na zauna a bakin tasha fuskar ta riƙa zafi kamar an watsa mini barkono. Da na daina shafawa ƙuraje suka feso, tabon ya dawo ya fi na da baƙi, ya haura har gefen ido. Ni da nake yi wa masu bilicin dariya, sai ga ni da takunkumi a fuska kullum.

Bakina kuwa bai yi shiru ba. Duk wanda ya tambaye ni me ya sami fuskata, sai in karkata kai wajen teburin Mama in ce Allah dai ya isa. Ban taɓa kiran sunan abin ba, amma kowa ya gane. Masu sayen ayabarta suka fara tsallake ta, mata suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta miƙa musu gyaɗa. Ina kallo ayabarta ke nuna har ta yi baƙi a kan tebur, kuma Allah ya gafarta mini, daɗi nake ji. Wata Litinin na zo na tarar babu ita babu laimar, sai zagayen da tayar ta bari a ƙasa. Aka ce ta koma Karu wajen 'yarta.

Mijina ne ya gaji ya tilasta mini zuwa asibiti wajen likitar fata. Na so in fara mata da labarin kambun baka, ta ce in dakata. Ta tambayi sana'ata, da awa nawa nake yi a waje, da ko na haihu kwanan nan. Sannan ta ce in kwatanta mata yadda nake zama a teburina, ta wane gefe rana ke dukana da yamma. Na ɗaga hannu zan nuna mata, sai na ga hannun nawa ya tsaya a kuncin hagu. Ta ce irin wannan tabo yana yawan fito wa mata bayan ciki, rana ce ke ƙara masa baƙi, man da aka haɗa mini kuma ya cinye ƙarfin fatar har ba ta iya jure rana. Ta tambaya ko babu rumfa a wurin. Na ce da akwai laima. Ta ce to wannan laimar ce ta riƙe fuskar tawa tsawon lokaci, me ya sa na bar ta. Hawaye kawai nake yi, ita tana tsammanin kukan fuska ne.

Ta raba ni da man haɗi ta hanyar da ta tsara, ta rubuta mini magani da man kariya daga rana da zan shafa kowace safiya in maimaita da rana, ta ce in nemi inuwa da hula mai faɗi, in daina dirzar wurin da lemon tsami da soso, kuma in yi haƙuri domin abin watanni yake ɗauka. Maganar hular nan, ita ce dai Mama ta faɗa mini kyauta.

Sai da na yi zuwa uku Karu kafin na same ta a bakin wani titi, da ɗan tebur da bai kai rabin na da ba. Tsakar rana ce. Na durƙusa na faɗa mata komai, na roƙi gafara. Ta saurare ni har na gama ba ta dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Ta ce ta yafe, Allah ma muna yi masa laifi. Ta ce amma tun daga ranar ba ta ƙara yabon kowa ba, ko jikarta ta yi kitso ba ta cewa ya yi kyau. Madam ta kira ni, ba ƙanwata ba. Ina nan durƙushe ina kuka sai na ji sanyi a bayana. Ashe ta tashi ta mirgino tayar, ta sa mini inuwa, ta koma ta zauna a rana tana jera gyaɗarta.

Yau fuskata ta yi sauƙi, tabon ya dusashe ko da yake bai tafi duka ba, kuma na sayi laimata. Na bi mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya na gaya musu ƙarya na yi wa baiwar Allah, wasu suka yarda, wasu suka ce rufa mata asiri nake yi. Abin da na shuka a kunnuwansu ya fi ƙarfina. 'Yan'uwana mata, musamman masu nema a rana, idan kun ga baƙi a fuskarku ku je wurin likita kafin ku je wurin mai haɗa mai, ku nemi inuwa, kada ku raina rana. Kafin kuma ku ɗora wa wani laifin abin da ya same ku, ku tsaya ku duba da kyau. Mutum ɗaya ce ta damu da fuskata a duk tashar nan, ita na kora.