Tudun da Baba Ya Zaɓa

Babana ba ya tsoron ɓarawo, ba ya tsoron allurar likita, amma ruwa ko na kwata ne sai ya kewaye shi. Yana yaro ambaliya ta shiga ɗakinsu ta ɗauke ƙaninsa daga kan tabarma, tun daga nan hadari bai taɓa haɗuwa gabansa bai faɗi ba. Tela ne, kuma da an fara yayyafi kekensa ke yin shiru. Mama kan tsokane shi cewa da ana wanka da ƙasa da ya huta.

Da ya tashi gina gida bai yarda da idonsa ba. Ya je ofishin filaye aka nuna masa taswirar da tauraron ɗan'adam ya auna, ya ɗora yatsa inda aka ce ya fi ko'ina tudu, wani wuri mai manyan itatuwa. Nan ya gina, ya bar itatuwan, sannan ya shiga jawo mutane. Ya jawo Gwaggo da marayunta, ya jawo amininsa makaniki, har mai yi masa aski bai bari ba. Kowa sai ya ce masa, "Zo tudu ka yi barci har da minshari."

Shi ya biya mini karatun safiyo, wato awon ƙasa, ga shi ni na kawo masa abin da ya fi tsoro. Aikinmu a ofis gyaran irin wannan taswira ne. Tauraron daga sama yake kallo, in ya tarar da itatuwa masu duhu sai ya ɗauki kansu a matsayin ƙasa, kuma ko'ina haka yake yi. Mu ne masu cire tsawon itatuwa da na rufin gidaje, mu gwada da awon da aka yi a ƙasa. Ranar da layi ya zo kan unguwarmu, ina kallon kwamfuta tudun Baba ya yi ta sauka, har ya koma ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika ya batse. Na sake awon, na roƙi abokiyar aikina ta sake. Ido ba ya gane irin wannan kwari a shimfiɗaɗɗen fili, sa'a ce kawai ta tsare mu duk shekarun nan. Ga kuma damina a bakin ƙofa.

Na same shi a shago yana kafa hannun riga. Na durƙusa na yi bayani ina inda-inda. Ya tsayar da keken.

"Uwata, tudun fa?"

"Babu shi, Baba. Kan itatuwa aka auna."

Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon itacen da yake shan inuwarsa kullum. Na zaci zai yi musu, ko ya ce mu kwashe kaya. Sai kawai ya juyo gare ni.

"Gwaggonki ta sani?"

"Kai na fara faɗa wa."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa, ta suɓuce, ya sake ɗauka. A waje gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga labulen shago. Mutumin da ko yayyafi ba ya bari ya taɓa shi, sai ga shi yana laluben takalmi.

"Baba, hadari ne fa."

"Na gani," ya ce. "Gida-gida na bi na kira su. Gida-gida zan bi in faɗa musu."