Dokta Mansur da mudun geronsa

Yau da safe ina ɗinke buhu a shago, baƙuwar lamba ta ƙasar waje ta kira ni. Wai Dokta Mansur ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Abokina ne tun firamare, ɗan garin Ɗantutture, likitan dabbobi. Shekara shida yana kudancin Afirka, a wani gida da ake tsare rabbi, dangin damisar nan mai gudun tsiya. Dabbar tana neman ƙarewa, kuma a keji ba ta cika haihuwa ba. Kullum da sassafe yakan kwashi kashin matan ya auna, a nan yake gane wadda ta shirya ɗaukar ciki da wadda ta ɗauka, ba sai an danne ta an ɗebi jini ba.

Mun yi masa tsiya ba kaɗan ba. Duk wannan boko a ƙare a kwasar kashi! Sai ya yi dariya ya ce, "Kashin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ku fa?"

Da shanun babana suka kwanta ciwo a ƙauyen Kuki, ta bidiyo ya riƙa nuna mini abin yi har suka miƙe.

Zuwansa na ƙarshe bara waccan ne, sati ɗaya tak. Ya same ni a Dutsin-Ma ya ce in auna masa mudun gero da na dawa. Ashe a naman da yake ba dabbobin yake cusawa, wannan gero, waccan dawa, don gobe in ya ga ƙwayar ya san kashin wacce ne.

Na ce, "Dokta, yaushe za ka dawo gaba ɗaya? Innarka ta tsufa fa."

Ya ce, "Sani, satin nan da na zo, aikin wata huɗu ya tashi a banza. Ba su yarda da kowa sai ni. Su an kulle su, ni ba a kulle ni ba, amma duk ba mai fita. Bari ɗaya ta haihu in tattaro."

Ni na tura masa tallar aikin nan. Wannan shi ke cin raina.

Ɗazu na je Ɗantutture. Na fi rabin awa a ƙofar gida na kasa yin sallama. Da na faɗa wa Inna, mahaifiyarsa, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaushe za a kawo mani shi?"

Na ce, "Inna, Musulmin can sun riga sun yi mashi sutura."

Sai ta ce, "Ashe har yau ba su sako shi ba."

Allah Ya jiƙan Mansur, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya sa ta ita ma.