Ajin Sifaniyanci a Tsakar Gidanmu

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Hamdiya, kuma a makon jiya na yi abin kunya saboda ita. Na je maƙabartar Tafo in kai mata labari, na durƙusa, na yi addu'a, na zuba surutu har maƙogwarona ya bushe. Sai mai gadi ya dafa ni ya ce, "Yaro, wannan kabarin wani tsohon mahauci ne. Taku tana layin baya." Allah ya jiƙan mahaucin. Yanzu duk maƙabartar ba wanda ya kai shi sanin yadda ake zama malamin Sifaniyanci a Gana.

Labarin da na kai shi ne: an buɗe wata makarantar kuɗi can wajen Ayigya, kuma a jikin allonta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa suna koyar da Sifaniyanci. Da na gani daga tagar trotro, motar haya, saura kaɗan in diro ban jira mota ta tsaya ba.

Yaya Hamdiya ta yi shekara huɗu a jami'a a Ankara, babban birnin Gana, tana karanta yaren mutanen Sifen. Nahawu, adabi, tarihi, littattafan da idan ɗaya ya faɗo maka a ƙafa sai asibiti. Babanmu bai taɓa fahimtar dalili ba. "Duk yarukan duniya," in ji shi, "sai na 'yan ƙwallo?" Ta gama, aka ce digiri bai isa ba, sai ta ƙara shekara a fannin koyarwa. Ta ƙara. Ta karanta halayyar yara, wadda ta ce a kaina ta fara koyonta kyauta, da dabarun tsara darasi. Saura abu biyu: koyarwar gwaji a gaban mai dubawa, sannan jarrabawar lasisi.

A nan aka ɗaure ta. Koyarwar gwaji sai a makaranta mai rajista, wadda darasin yake cikin jadawalinta. A lokacin ba ta sami ko ɗaya a Kumasi ba. Ta bi hedimastoci daga Ashanti New Town har Asawasi tana roƙon awa ɗaya a mako. Kowa ya ce ta kawo lasisi tukuna. Ta koma wa masu lasisi, suka ce ta kawo aji tukuna. Wani ma ya ce mata, "To ki koyar da Faransanci mana, ai duk Turanci ne." Ta dawo gida ranar ba ta ci tuwo ba, ni na taimaka mata da shi.

Sai ta ce tunda ba a ba ta aji, za ta gina nata. Kowace Asabar ta tara mu, yaran layinmu, a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da murhun da Mma, mahaifiyarmu, take dafa wakye, wato shinkafa da wake. Ƙofar tsohon kabad ce allo. Muna ƙirga uno, dos, tres, akuyar maƙwabta tana amsawa. Ina da shekara goma sha ɗaya, kuma ni ne shugaban masu surutu, amma ban taɓa fashi ba.

Ta roƙi mai dubawa har ya zo. Mutumin kirki ne, na rantse. Ya zauna a kujerar Baba, ya yi dariya, ya tafa, ya cinye kwanon wakye biyu. Ya ce bana bai ga darasi mai kyau kamar wannan ba. Sannan ya goge hannu ya ce, "'Yata, ba zan iya sa hannu ba. Nan gida ne, ba makaranta ba."

Yaya ta ce, "Yallaɓai, yaran sun koya ko ba su koya ba?"

Ya ce sun koya. Ya ɗauki jakarsa.

Wannan amsar ce har yau take ci mini rai. Na shiga sabuwar makarantar nan na tambaya wa ke koyarwa. Wani bawan Allah ne da ya yi aikin gona a Sifen ya dawo. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Amma ba wanda ya tambaye shi koyarwar gwaji, ba wanda ya tambaye shi lasisi. Da Yaya tana nan, na san ba za ta yi zagi ba. Za ta ɗaura mayafi ta je ta nemi awa ɗaya a mako. Ni ne mai zagin, kuma na yi, a zuci.

Me ya rage? Ƙofar kabad tana bayan ɗaki. Sadiya mai sayar da lemo a kasuwar Kejetia, wadda ta zauna kusa da ni a ajin, har yau da Sifaniyanci take gaishe ni, kayayo 'yan dako suna kallonmu kamar mun taɓu. Ni kuma a bana zan nemi jami'a, kuma Baba ya riga ya san abin da zan karanta. Ya yi tsaki kawai.

Bayan zuwan mai dubawan nan an samar wa Yaya gurbin gwaji a wata makaranta a Ankara, za ta fara sabon zango. Ciwon sikilarta ya tashi kafin a dawo daga hutu. Ta rasu da digirinta, babu lasisi, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban ajin da hukuma ta yarda aji ne ba.